INJIN BAN-RUWA: A GYARA DA HANKALI, A RUBUTA ABIN DA AKA GYARA

 A wannan karo muna so mu ba ku labarin abin da ya faru a wata fadama a ƙasar Malam Madori, gama mun tabbata ba a nan kaɗai irinsa yake faruwa ba. Ba za mu faɗi sunan ƙauyen ko na mutanen ba, domin ba tonon asiri muke nufi ba.

ABIN DA YA FARU

Manoma 8 ne, Kirista da Musulmi, suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban-ruwa mai bakin inci 3. Shekara biyu suna aiki da shi lafiya, kowa da ranarsa. A ranin da ya wuce, sa'ad da alkama take gab da fitar da kai, sai injin ya soma hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Ma'ajin ƙungiya ya ɗaure shi a bayan babur ya kai wa wani bakanike a gari. Bayan kwana uku ya je ya biya, ya ɗauko. Ba a ba shi takarda ba, shi ma bai tambaya ba. Ba a kuwa tayar da injin a gabansa ba, domin magariba ta yi, kowa yana sauri.

Kashegari da hantsi, ɗan ɗaya daga cikinsu, yaro mai shekara 14, yana ban-ruwa shi kaɗai, sai wuta ta kama injin. Ya ƙone a hannu biyu da ƙauri. Waɗanda suka rugo suka yi ta watsa ruwa, wutar tana ƙara bazuwa, sai da wani dattijo ya daka musu tsawa ya ce a zuba ƙasa. Kafin a kai yaron asibiti a Haɗejiya an riga an shafa masa baƙin mai a ƙunar, wai magani. Ya yi mako uku a kwance. Mun gode wa Allah hannuwan ba su shanye ba. Alkama kuwa ta yi kwana 12 ba ruwa a lokacin da ta fi bukatarsa, abin da aka girbe bai kai rabin na bara ba.

Magana ta kai gaban mai unguwa, muka je muka zauna a gefe.

Mai unguwa ya ce wa bakanike, "Malam, me da me ka gyara a injin nan?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ringi na canja da filogi. Ban taɓa tiyon mai ba."

Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na koma dubawa da idona na ga tankin a ƙasa. Wanda ya cire tanki ai ya cire tiyo."

Wani ya miƙe ya ce kafiretar da ke jikin injin ma ba tasu ba ce, an musanya. Wani kuma ya ce a tambayi ma'aji nawa ya biya, gama kuɗin sabon kaya aka ba shi. Mai unguwa ya bari suka gama, sa'an nan ya ce, "To, akwai takarda?" Aka yi shiru. Ya ce, "Wa ya san lambar injin?" Ba wanda ya sani.

Daga baya gaskiya ta fito kashi biyu. Yaron shagon bakanike ya ce shi ya mayar da tankin, ɗan ƙarfen da ke matse bakin tiyo ya ɓace masa, sai ya ɗaure da roba. Yaron da ya ƙone kuma ya faɗa wa uwarsa cewa yana ƙara fetur daga galan ne injin yana aiki, don kada ruwa ya tsaya. Wanne ne ya kawo wutar? Ba mai iya rantsuwa. Mai unguwa ya raba asarar biyu, ba wanda ya koma gida da farin ciki. Mutum biyu suka fita daga ƙungiyar, uban yaron da ma'aji kuwa suka yi wata biyu ba su gaisa.

Wajibi ne mu faɗi namu laifin. Mu ne muka taimaki ƙungiyar nan ta kafu. Mun koya musu tazarar shuka da awon taki da jan kwami, amma ba mu taɓa zama da su ko sau ɗaya a kan yadda za a kula da injin ba, balle mu ce su sayi littafi domin shi.

DAGA JIGO ZUWA INJI

Iyayenmu da jigo suke ban-ruwa. Jigo ba ya cin wuta, in ya karye kuwa mai shi ne yake gyarawa da hannunsa. Amma kogin Haɗejiya ya sāke tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da takan cika fadamu ta ragu a wasu wurare, a wasu kuwa kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A shekarun 1980, lokacin ƙasar nan tana cikin Jihar Kano, hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injuna da 'yan rijiyoyin burtsatse a fadamu. Da gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje a 1987, manoma da yawa suka shiga noman alkama da inji. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, shirin Fadama na farko ya biyo baya a shekarun 1990 ya ƙara yawan injunan. Yau daga Malam Madori zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, da wuya ka ratsa fadama da rani ba ka ji ƙugin inji ba.

Watau cikin shekara 40 inji ya shiga hannun kowa, amma ilimin zama da shi lafiya bai bi shi ba. Ga shi kuma yanzu abu ɗaya yana bi ta hannu da yawa: masu shi, mai aro, yaro mai ban-ruwa, bakanike, yaron bakanike, mai sayar da kaya. In ya lalace ko ya ji wa wani ciwo, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

KAFIN KA SA HANNU A INJI

Waɗannan dokoki ne da ya kamata kowane ɗan ƙungiya da kowane yaron shago ya haddace.

1. Kashe injin, ka rufe makullin mai, ka bari ya huce. Salansa takan ƙona mutum ko bayan an kashe.

2. Cire hular filogi kafin ka sa hannu wajen fanka ko bel. Inji yana iya tashi in aka juya shi da hannu.

3. Kada a ƙara fetur inji yana aiki ko yana da zafi. Gara ruwa ya tsaya minti 10. In mai ya zube a jikin injin a goge, a bari ya bushe kafin a ja igiya. Galan kuma a ajiye shi nesa, a inuwa. Ba sigari, ba ashana. Mutanen Jigawa ba su manta da Majiya ta ƙasar Taura ba, inda tankar mai ta yi bindiga a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka rasu. Fetur ɗin da ke cikin galan shi ne dai wanda ke cikin tanka.

4. In fetur ya kama wuta kada a watsa ruwa, gama mai yana tasowa bisa ruwa ya tafi da wutar. A zuba ƙasa ko rairayi. Ya kamata bokitin rairayi ya zauna kusa da inji kullum.

5. Inji ba ya iya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 ko 8. Saboda haka da bazara, in ruwa ya yi ƙasa, wasu sukan haƙa rami su saukar da injin. A cikin hayaƙin inji akwai wata iska da likitoci suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, sa'an nan mutum ya faɗi. Kada kowa ya zauna cikin rami ko rijiya ko ɗaki inji yana aiki. In wani ya faɗi a ciki, a kashe injin tukuna, wanda zai shiga kuma a ɗaura masa igiya, mutane suna riƙe da shi.

6. Mai injin niƙa ko na casa ya sa wa bel murfi, in an cire don gyara a mayar kafin a tayar. Babbar riga da mayafi da hannun riga mai faɗi su ne bel yake kamawa.

7. Injin hasken rana ba shi da hayaƙi, amma muddin rana tana dukan farantan akwai wuta a waya. A kashe makunni, a rufe farantan da bargo, kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.

8. Tsohon baƙin mai ba magani ba ne, ga mutum ko ga dabba. Kada kuma a zuba shi a kogi ko a gona.

In wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ba baƙin mai, ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka.

MAGANAR GAS

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa bayan haka. Manoma da yawa suka mayar da injunansu su riƙa aiki da gas na girki. Ba mu ce kada a yi ba, gama mun san halin da ake ciki. Amma a lura da abu huɗu. A yi amfani da tiyon da aka yi domin gas, a matse bakinsa biyu da ƙarfe, ba da roba ba. Tukunyar ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa. A gwada yoyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yake yoyo, kada a gwada da ashana. Na huɗu, gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo a cikin rami nan yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Kada a saukar da tukunya cikin rami.

A kuma rubuta sunan wanda ya yi aikin mayarwar da ranar da ya yi. Wannan ya kawo mu ga babbar maganarmu.

LITTAFIN INJI

Kowane inji ya sami littafinsa, irin na 'yan makaranta mai shafi 40 ya isa. A ajiye shi cikin leda a hannun magatakardan ƙungiya.

A shafin farko a rubuta irin injin, da lambarsa wadda aka buga a jikin ƙarfen, da ranar saye, da wurin saye, da kuɗin, da sunayen masu shi da abin da kowa ya bayar. A manna rasit a nan. Wanda yake da waya mai ɗaukar hoto ya ɗauki lambar da kafireta da dukan jikin injin.

A sauran shafuna a ja layi biyar: rana, wanda ya yi aiki da shi, awa nawa, abin da aka yi masa, sa hannu. Lissafin awa yana da amfani ƙwarai. Ga injin Honda GX160 da masu kama da shi, masu ƙera shi sun ce a canja baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma kowace awa 100. Man da yake ci ya ɗara rabin lita kaɗan. Wanda yake ban-ruwa awa 8 a yini zai cika awa 100 kafin mako biyu. Mun tambayi ƙungiyar nan yaushe rabonsu da canja mai kafin injin ya soma hayaƙi, kowa ya ce yana tsammani wani ya canja. Ga asalin ciwon ke nan tun kafin a je wurin bakanike. Soson da ke tace iska kuma, da ƙurar hunturu irin ta ƙasarmu, a duba shi kowane mako. A cika cikin famfo da ruwa kafin a tayar, gama in ya yi aiki a bushe abin da ke hana shi yoyo zai ƙone.

TAKARDAR GYARA

Ranar da za a kai inji gyara, a rubuta takarda biyu iri ɗaya, ɗaya ta bakanike, ɗaya ta ƙungiya. Ga abin da zai shiga ciki:

(a) Rana, da lambar injin, da sunan wanda ya kawo.
(b) Abin da yake damun injin, da bakin mai shi.
(c) Abin da aka kawo tare da shi, kamar tiyo da igiya da tukunyar gas.
(d) Abin da bakanike ya gani bayan ya buɗe, da kuɗin kaya dabam, kuɗin aiki dabam. Kada ya canja kome sai an yarda.
(e) Irin kayan da za a sa: sabo ko na hannu.
(f) Sunan wanda ya yi aikin da hannunsa. In yaro ne, maigida ya duba ya sa hannu.
(g) Abin da bakanike ya ga yana da haɗari amma mai inji ya ce a bari saboda rashin kuɗi. A rubuta shi a fili, mai inji ya sa hannu.
(h) Kwana nawa bakanike ya ɗauki lamunin aikinsa.

Ranar karɓa a tayar da injin a gaban mutum biyu, ya yi aiki ko minti 15, a duba ƙarƙashin tanki da kafireta ko mai yana ɗiga. A mayar wa mai inji tsofaffin kayan da aka cire. Sa'an nan a biya, a sa hannu. In dare ya yi a bari sai gobe. Da an yi wannan gwaji a wancan maraice, da an ga robar nan.

Wani zai ce, "Ni ban yi boko ba." Ba kome. A rubuta da ajami, ko ɗan makaranta ya rubuta ya karanta da ƙarfi a gaban shaida, a dangwala yatsa. Ko kuwa a ɗauki muryar su biyu a waya. Abin da ake so shi ne a sami abin da za a koma a duba.

Wani bakanike da muka kai wa wannan magana ya ɓata rai ya ce, "Malam, shekara 20 ina aikin nan, yau ne za a ce ba a yarda da ni ba?" Muka ce masa, "Baba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Takardar nan kai take fara karewa. In ka ce wa mutum tiyonsa ya tsage ya ce a bari, gobe wuta ta tashi, me za ka nuna wa mai unguwa?" Ya yi shiru, can ya ce a rubuta masa samfuri. Yanzu yana da littafi a shagonsa, har ya ce bashin da yake bin mutane ma ya daina ɓacewa.

WA ZAI BIYA?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiya ta zauna tun kafin a shiga rani ta yanke waɗannan, ta rubuta a bayan littafin inji:

In inji ya lalace saboda tsufa, kowa ya ba da rabonsa. In ya lalace saboda sakaci, kamar aiki ba baƙin mai ko ba ruwa a famfo, wanda yake da ranar ne zai biya. In aka ba wani na waje aro, a duba injin tare kafin ya ɗauka, a rubuta. In aikin bakanike ne ya warware cikin kwanakin lamuni, shi zai sāke ba kuɗin aiki. A sa shekarun da yaro zai kai kafin a bar shi da inji shi kaɗai, a kuma rubuta ranar da aka koya masa da wanda ya koya. A buɗe asusu, kowa ya sa wani abu duk ranar da ya yi ban-ruwa, domin gyara da kuɗin asibiti.

Wannan ba sabon abu ba ne. Littafin Fitowa sura 22 ya yi magana a kan kayan da aka ba mutum ajiya da abin da aka ara, da wanda zai biya in ya lalace. A Maimaitawar Shari'a sura 22 kuma an umarci mai gina gida ya kewaye bakin soronsa don kada wani ya faɗo alhakin ya hau kansa. Murfin bel da ƙarfen bakin tiyo irin wannan kewaye ne. Maƙwabtanmu Musulmi ma, a fikihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu. Gwamnati kuma tana da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji ciwo a bakin aiki, ta shekarar 2010. Amma ko a gaban mai unguwa, ko alƙali, ko dattawan ekklesiya, tambayar farko ɗaya ce: ina shaida?

YADDA AKA ƘARE

Bayan girbi muka sāke tara ƙungiyar a gindin tsamiya. Muka fara da roƙon gafararsu a kan namu sakacin. Ma'aji ya miƙe ya ce shi ma ya yi kuskure da bai sa an tayar da injin ba. Uban yaron ya ce bai taɓa gaya wa ɗansa kada ya ƙara mai inji yana aiki ba, gama shi kansa haka yake yi. Suka yi musafaha. Ɗaya daga cikin biyun da suka fita ya komo, ɗayan har yanzu muna bin sa. Yaron da ya ƙone, da yake shi ne mai kyan rubutu a cikinsu, shi aka ba riƙon littafin.

Muna roƙon kowane fasto da mai bishara da shugabar zumuntar mata da ke da injin niƙa su karanta wannan a taronsu na gaba, su tambayi juna: Mun san lambar injinmu? Yaushe aka canja masa mai? Wa ya koya wa yaranmu? In wani ya ji ciwo gobe, da me za mu kai shi asibiti? Duk ƙungiyar da take son samfurin takardar gyara ta gaya wa malamin gona na yankinta, za mu kawo in mun zo zagaye.

Ubangiji ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, ya sa albarka a aikin ranin bana. Amin.